TSEREN KEKE NA ZAGAYE: BAYANI GA MATASA DA SHUGABANNIN AL'UMMA A GUSAU, TSAFE DA BUNGUƊU

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, keke ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, keke ne abin hawan malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar ƙauye, kuma dattawanmu ba su manta da darajar da Raleigh da Phoenix suke da ita a gidan magidanci ba. Ko da babur ya yawaita a yau, har yanzu keke ne yake kai ɗalibi makaranta, ya kai manomi gona, ya ɗauko buhun hatsi zuwa kasuwa.

Duk inda matasa suke da kekuna kuwa, sai an gwada gudu. Wannan ba abin zargi ba ne. Abin da yake tayar mana da hankali shi ne wurin da ake yin gwajin. Sau da yawa akan ga samari suna rige-rige a gefen babbar hanya, babu hular kwano, babu mai tsare masu hanya, wani ma ya laɓe a bayan babbar mota don ta kare masa iska. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi zuwa Gusau, ta wuce Bunguɗu da Talatar Mafara har Sakkwato, hanya ce ta tireloli da tankokin mai dare da rana. Kuskure ɗaya a kanta ya isa ya jefa gida cikin makoki.

Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan wani nau'in tseren keke da duniya ta daɗe da amincewa da shi, wanda ba ya buƙatar babbar hanya ko kuɗi masu yawa. A ƙasashen Turai ana kiran sa kiriteriyom, mu kuma a nan za mu kira shi tseren zagaye. Muna fata bayanin zai amfani matasan da suke sha'awar shiga, da kuma shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da uwayen ƙasa da dagatai da masu unguwanni, waɗanda a gabansu ne za a fara kawo maganar neman izini.

Mene ne tseren zagaye?

Tseren keke iri-iri ne. Akwai na dogon zango, inda ake tashi daga wani gari a ƙare a wani, kamar Tour de France da aka fara a Faransa a shekarar 1903, ko Tour du Faso da ƙasar Burkina Faso ta fara a 1987. Akwai na cikin fili na musamman mai gangaren bango, irin wanda aka gina a babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja don wasannin Afirka na 2003. Shi kuwa tseren zagaye, a cikin gari ake yin sa. Ana zaɓen tituna uku ko huɗu da suka haɗe da juna, a rufe su, masu tsere su tashi gaba ɗaya su riƙa kewayawa har a cika adadin zagayen da aka yanka, ko kuma lokacin da aka ƙayyade. Wanda ya fara tsallake layi a zagayen ƙarshe shi ne ya ci.

Hukumar kula da wasan keke ta duniya, wato UCI, wadda aka kafa a birnin Paris a shekarar 1900, ta ƙayyade cewa tsawon zagaye ɗaya a irin wannan tsere kada ya gaza mita 800, kada kuma ya wuce kilomita 10. A aikace, mafi yawan masu shiryawa sukan tsaya a tsakanin kilomita ɗaya zuwa biyu. Tseren 'yan sa-kai, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce, yakan ɗauki daga minti 30 zuwa awa ɗaya. Ana yawan yin sa a Amurka, haka ma a Holan da Beljiyam da Faransa, inda garuruwa sukan shirya shi bayan an kammala Tour de France don jama'a su ga zakarun ido da ido.

Alal misali, idan zagaye ɗaya kilomita ɗaya da mita 200 ne, aka kuma yanka zagaye 20, jimlar tafiyar kilomita 24 ke nan. Mai gudun kilomita 30 a awa zai gama cikin minti 48. Idan hanyar tana da kwana huɗu, to kowane mahayi zai sha kwana sau 80 a tsakiyar abokan karawarsa. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa a wurin shan kwana ake cin tseren, a nan kuma ake jin rauni.

Dalilin da ya sa ya dace da garuruwanmu

Na farko, gajeriyar hanya tana rufuwa gaba ɗaya. Ba wanda zai iya tsayar da zirga-zirga tsakanin Gusau da Tsafe don tseren keke, balle ga matsalar tsaro da ta addabi wasu hanyoyin jihar a shekarun nan, wadda ta sa bai kamata a baza matasa a cikin daji ba. Amma kilomita ɗaya a cikin gari, ana iya sanya mutum a kowace mararraba.

Na biyu, komai yana faruwa ne a gaban ido. Alƙalan tsere da ma'aikatan lafiya ba sa buƙatar bin mahaya da mota, domin duk bayan minti biyu ko uku ayarin zai sake giftawa ta gabansu. Idan wani ya faɗi, nan take za a kai masa ɗauki. Iyaye ma suna tsaye wuri ɗaya suna ganin 'ya'yansu daga farko har ƙarshe.

Na uku, kuɗin shiryawa kaɗan ne. Igiya da tsofaffin tayoyi da farar ƙasa ta zana layi da ƙararrawa da allon rubuta zagaye, su ne manyan kayan aiki. Ƙungiyar matasa ko makarantar sakandare ko sashen wasanni na ƙaramar hukuma za su iya ɗaukar nauyinsa.

Zaɓen hanya da lokaci

Ba kowane titi ne ya dace ba. Ana son hanya mai kwalta wadda ba ta da ramuka, mai faɗin da aƙalla kekuna huɗu za su jera, kuma babu buɗaɗɗiyar kwata a bakin kwanarta. Wajibi ne a share yashi da tsakuwa daga kowace kwana da safiyar ranar, domin yashi a kan kwalta shi ne babban abin da ke zame tayar gaba. Falwayar lantarki ko kusurwar gini da ke bakin kwana sai a kare ta da tayoyi ko buhunan ƙaiƙayi. Layin ƙarewa kuma a sanya shi a miƙaƙƙen wuri mai nisa da kwana ta ƙarshe.

A Sabon Garin Gusau, unguwar da take cike da shaguna da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na ƙasar nan, babbar matsala ita ce cunkoso. Duk mai son shirya tsere a can sai ya zauna da masu shaguna da shugabannin 'yan acaɓa da direbobin keke-napep tun da wuri, ya kuma lura da lokacin sallah a masallatai da lokacin ibada a majami'u ranar Lahadi. Idan titunan unguwar sun gagara, ana iya duba wasu unguwanni masu sauƙin zirga-zirga, ko a nemi shawarar jami'an wasanni da ke filin wasa na tunawa da Sardauna. A Tsafe da Bunguɗu kuwa, sharaɗi na farko shi ne kada zagayen ya taɓa babbar hanyar da ta bi ta garin, kada ya tsallaka ta ko sau ɗaya, kuma kada a sanya tsere a ranar kasuwa.

Dangane da lokaci, watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan kai ko ya haura digiri 40 a ma'aunin zafi, don haka ba su dace da gudu mai tsanani ba. Da damina kuma kwalta tana santsi, ga shi matasan karkara suna gona. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da hantsi kafin rana ta take, a ranar da hazo bai yi kauri ba. Haka kuma kada a shirya tsere da rana a cikin watan azumi.

Izini da rabon aiki

Titi na jama'a ne, ba mai rufe shi da ikon kansa. Masu shiryawa za su fara da mai unguwa da uban ƙasa, sannan su rubuta wa ƙaramar hukuma da baturen 'yan sanda na yankin da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988. Takardar ta ƙunshi sunayen titunan, da ranar, da lokacin rufewa da na buɗewa, da adadin mahayan da ake sa rai. Yana da kyau a sanar da fadar mai martaba, ko Sarkin Katsinan Gusau ko 'Yandoton Tsafe ko Sarkin Fulanin Bunguɗu, domin kalma ɗaya daga fada takan sa jama'a su ba da haɗin kai.

Muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi da cewa kafin su amince, su taka da ƙafarsu su zagaya hanyar, su kuma tabbatar da waɗannan abubuwa:

1. Akwai mai tsaro aƙalla ɗaya a kowace mararraba da bakin kowane lungu, da tuta ko usur a hannunsa.
2. An sanar da mazauna titin kwanaki kafin ranar, don a tsare ƙananan yara, a ɗaure awaki da tumaki.
3. Akwai ma'aikacin lafiya da kayan taimakon gaggawa, da mota a tsaye wadda za ta iya kai mai rauni asibiti, kuma an san asibitin da za a nufa.
4. An bar hanyar da mara lafiya ko mai naƙuda ko motar kashe gobara za su bi, kuma alƙali yana da ikon tsayar da tsere nan take saboda su.
5. Duk wanda bai kai shekara 18 ba ya kawo amincewar mahaifi ko waliyyinsa a rubuce.

Idan aka rasa ɗaya daga cikin waɗannan, gara a ɗage ranar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Har ila yau, adalci ya buƙaci a raba mahaya rukuni-rukuni. Ba a haɗa yaro ɗan shekara 14 da ƙato ɗan shekara 25, ba a kuma haɗa keken gida mai nauyi da keken tsere mai giya. Idan aka ware wa keken gida nasa rukuni, ɗan talaka daga ƙauye zai shiga da abin da yake da shi, ba tare da ya ci bashi ba.

Shirin da mahayi zai yi

Matashin da yake son shiga ya fara shiri aƙalla makonni shida kafin ranar. Ya riƙa hawa sau uku ko huɗu a mako a hanya mara cunkoso, yana cakuɗa tafiya mai tsawo a hankali da gudu mai ƙarfi na ɗan lokaci, kamar ya zabura na rabin minti, ya sassauta, ya sake zabura. Dalili kuwa shi ne a tseren zagaye ana rage gudu a kowace kwana, a kuma taso da ƙarfi bayanta. Ya kuma nemi abokai biyu ko uku su riƙa tafiya a jere, don ya saba da keke a gabansa da gefensa.

Kwana biyu kafin tsere a kai keke wurin mai gyara. A duba birkin gaba da na baya, a ɗaure kan keke da sirdi, a sa wa sarƙa mai, a tabbatar feda ba ta girgiɗi, taya kuma ba ta tsage ba. A cire kariya da kwando da madubi da duk wani ƙarfe da zai iya soke mutum. Hular kwano wajibi ce, kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. A sa takalmi mai rufe ƙafa, a ɗaure ƙafar wando, kada a hau da silifa ko babbar riga. A ci abinci mara nauyi, kamar kunu ko koko da ƙosai kaɗan, awa biyu zuwa uku kafin tashi, a kuma sha ruwa sosai.

A nan ya zama dole mu yi gargaɗi a kan ƙwayoyi. Wasu suna ruɗar matasa da cewa tiramadol tana ƙara ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce tana dusashe jin ciwo, tana kawo jiri da gyangyaɗi, mai jiri kuwa a tsakiyar kekuna 30 haɗari ne ga kowa. Saboda haka ne hukumar UCI ta haramta ta a gasa tun daga watan Maris na 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ita ma ta sanya ta cikin abubuwan da ta haramta daga Janairun 2024. Duk wanda aka ga alamar maye a tare da shi, kada a ba shi lamba.

Yadda ake tseren

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya fizga da dukkan ƙarfinsa tun daga zagayen farko. Babban abokin gaban mai keke iska ce. Wanda yake gaba shi ke tsaga ta, na bayansa kuma yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Abin nan da yaro yake nema a bayan babbar mota, shi ne mai tsere yake samu a bayan ɗan'uwansa ba tare da ya sayar da ransa ba. Don haka wanda ya ja ayari tun daga farko, ya yi wa wasu aiki ne, su kuma za su wuce shi a ƙarshe.

Amma zama a can baya shi ma asara ne. A kowace kwana na gaba suna ragewa kaɗan, na baya kuwa kusan tsayawa suke yi, sannan su yi ta faman cim ma ayari. Mai yin haka sau 80 ba zai kai ƙarshe da sauran ƙarfi ba. Wuri mafi kyau shi ne cikin mutum goma na farko, amma ba a kan gaba ba.

Wajen shan kwana, a kama birki tun kafin a shiga, a sake shi idan an shiga. A ɗaga fedar da ke ɓangaren da za a karya, a danna ɗayar ƙasa, don kada feda ta daki kwalta. A kalli inda za a fita, kada a kalli tayar gaba. Kowa ya riƙe layinsa, kada ya yanko ta gaban wani. Kada mahayi ya bari tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda yake bi, domin da na gaba ya ɗan kauce, na baya ne zai sha ƙasa, ya kuma kayar da na bayansa.

Akwai wasu ƙa'idoji da aka saba da su a wannan tsere. Akan kaɗa ƙararrawa idan saura zagaye ɗaya. A wasu lokuta akan kaɗa ta a tsakiyar tsere don sanar da ƙaramar kyauta ga wanda ya fara tsallake layi a zagaye na gaba. Wanda tayarsa ta fashe ko ya faɗi, akan yi masa rangwamen zagaye ɗaya ya gyara ya koma cikin ayari, in dai ba a shiga zagayen ƙarshe-ƙarshe ba. Wanda kuma aka bari a baya har ayari ya kusa riskarsa, alƙali yana iya fitar da shi don kada ya tare hanya, kuma wannan ba abin kunya ba ne. A gudun ƙarshe, kowa ya miƙe a layinsa, babu ture babu jan riga, hannu biyu a kan keke har a tsallake layi.

Kyauta ga wanda ya yi nasara abu ne mai kyau, musamman idan ta zama mai amfani, kamar sabuwar taya ko hular kwano ko kayan makaranta. Amma caca a tsakanin 'yan kallo ba ta da gurbi a jihar da take aiki da Shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ita ce takan haddasa rigima da maguɗi. Masu shiryawa su sanya ido a kan wannan.

Ina wannan hanya take kaiwa?

Wani zai ce wasan yara ne. To, tseren keke yana cikin wasannin da jihohi suke karawa a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a shekarar 1973, kuma Jihar Ogun ta karɓi baƙuncinsa a 2025. A shekarar 2024, Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik, wadda aka yi a Paris. A wannan shekarar dai, Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a Tour de France. A watan Satumban 2025 kuma aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na farko a nahiyar Afirka. Matashin da yake ɗauko buhu biyu a kan keke daga gona zuwa gida yana da ƙarfin ƙafa da juriya. Abin da ya rage masa shi ne horo da wurin da masu horarwa za su gan shi, kuma tseren zagaye a cikin garinsu shi ne matakin farko.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga iyaye da su hana 'ya'yansu tsere a kan babbar hanya da laɓewa a bayan manyan motoci. Muna kira ga matasa da su kafa ƙungiyoyi, su bi ta hannun shugabanni, su nemi izini kafin su rufe ko da lungu ɗaya ne. Haka kuma muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, da iyayenmu sarakuna da uwayen ƙasa, da cewa idan matasa suka zo da irin wannan buƙata kada a kore su, kada kuma a sa hannu a rufe ido. A zauna da su, a zagaya hanyar, a tabbatar an cika sharuɗɗan da muka zayyana, domin idan aka hana su wuri mai tsaro, babbar hanya za su koma.

Allah Ya kiyaye mana matasanmu, Ya ba Jihar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya lafiya da zama lafiya, amin.